In miƙa takardar ajiye aiki ko in yaga? Ku faɗa min tsakani da Allah

Mai Zane:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango. Shekara tara kenan ina aikin akanta a wani kamfani, albashi na shigowa ƙarshen wata ba fashi, oga bai taɓa ɗaga min murya ba. Amma wallahi duk daren Lahadi in na tuna gobe Litinin sai in ji kamar an ɗora min dutse a ƙirji. Abin da raina ke so tun ina yaro zane ne, irin na littattafan yara, kuma ban taɓa dainawa ba, in iyali sun kwanta nakan zauna daga sha ɗaya zuwa ɗaya da rabi ina yi, yanzu haka a kwamfutata akwai zane sama da ɗari uku. Shekarata 36, ina da mata da yara biyu kuma ni ke sayen maganin mahaifiyata duk wata. Takardar ajiye aiki na rubuta ta tun wata biyar da suka wuce, tana nan a durowar tebur, kullum sai na ciro na kalla na mayar har ta fara lanƙwashewa a gefe. In miƙa ko in yaga?

Ɗan Tsokana:
Wa alaikumus salam. Yaga. Sai mai tambaya na gaba.
Wasa nake malam, amma fa ogan da shekara tara bai taɓa yi maka tsawa ba, in ka tashi tafiya don Allah ka bar min adireshin wajen.

Ƙanwar Kowa:
Yaya miƙa kawai!! Rai guda ne fa. Ni abin da ke ban haushi kenan, mutum Allah ya ba shi baiwa sai ya binne ta a ƙarƙashin takardun lissafin dukiyar wani. Duk wanda ka ji ana kiran sunansa yau sai da aka ce masa mahaukaci. Ka dubi James Dyson na Ingila mai injin shara ɗin nan da ke zuƙe ƙura ba jaka, samfurin gwaji 5,127 ya ƙera kafin ya samu wanda ya yi daidai, ya bi manyan kamfanoni duk suka ƙi karɓa, sai a 1993 ya fito da shi da sunan kansa, yau ina waɗanda suka yi masa dariya? Da ya ce bari in jira lokaci ya yi ai da har yanzu yana jira. Wanda ke tsoron faɗuwa ba ya hawa, ni dai nawa kenan.

Anti Ma'aji:
Ƙanwata sannu da ƙoƙari, amma kin karanta rabin labari kin rufe littafi. A shekarun da Dyson yake shige da fice a ɗakin gwaji yana fasa wannan yana haɗa wancan, wa ke riƙe da gidan? Matarsa ce, tana koyar da zane ana biyanta, ga bashi da suka ci har wuya. Haka Van Gogh da masu zane ke ji da shi, kusan shekara goma ƙanensa Theo ne ke aiko masa kuɗi, ya rasu a 1890 yana ɗan shekara 37 bai ga ribar komai ba, Theo ya bi bayansa da wata shida, matar Theo ce ta zauna ta yi ta tallata zanen har duniya ta sani. Duk jarumin da aka ba ki labarinsa ki leƙa bayansa, za ki tarar da wani a tsaye riƙe da tsani. Shi ɗan uwanmu wa zai riƙe masa? Shi ne ma tsanin mutum huɗu.

Malam Nazari:
Anti ta taɓo inda nake son zuwa. A yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka sun so ƙara wa jiragen yaƙinsu sulke, to ƙarfe na da nauyi ba zai yiwu a lulluɓe jirgi duka ba, sai aka riƙa duba jiragen da suka dawo daga fagen daga ana ƙirga inda harsashi ya fi hudawa. Wani masanin lissafi Abraham Wald a 1943 shi ya nuna cewa lissafin a juye yake. Jirgin da kake gani da huji a fiffike ya dawo ne saboda harbi a nan ba ya kayar da jirgi, inda ba ka ga huji sosai ba irin wajen inji nan ne makasa, don waɗanda aka harba a nan ba su dawo ba balle a ƙirga su.
To labaran masu nasara haka suke. Wanda ya dawo shi ake hira da shi a talabijin. Wanda ya yi gwaji dubu biyar ya ƙare da bashi matarsa ta tafi, ba ɗan jaridar da zai neme shi. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun daɗe suna nuna abu kusan iri ɗaya, cikin sabbin sana'o'i biyar ɗaya ba ta cika shekara, kusan rabi ba sa kai shekara biyar. Ba hana shi nake ba, cewa nake in za a yi lissafi a sa har da jiragen da ba su dawo ba.

Ɗan Tsokana:
Bawan Allah ya tambaya a kan takarda guda an kai shi yaƙin duniya. Malam Nazari a tausaya.

Baba Injiniya:
Yara ku bari tsoho ya sa baki. Ni a ganina kuna haɗa abu biyu ne a buhu ɗaya, kasada daban ganganci daban, kuma daga nesa kamarsu ɗaya.
A watan Fabrairun 1912 wani tela a Faris mai suna Franz Reichelt ya ɗinka wata riga da ya ce in mutum ya faɗo daga sama za ta buɗe kamar lema ta sauke shi lafiya. Ya nemi izini a kan zai gwada da mutum-mutumi daga hasumiyar Eiffel, da ya hau sai ya ce shi da kansa zai yi, abokansa suka yi ta roƙonsa ya ƙi. Akwai hoton bidiyon har yau, za ka gan shi tsaye a bakin ƙarfe yana leƙe yana jinkiri, sannan ya saki. Mita hamsin da wani abu, ko shurawa bai yi ba. Ba wanda zai ce mutumin nan matsoraci ne.
Yanzu ɗauki 'yan uwan nan biyu Wilbur da Orville Wright na Amurka, waɗanda suka fara tashi da jirgin sama mai inji. Sun san wani Bajamushe Otto Lilienthal ya mutu a 1896 wajen gwajin tashi sama, ba su fasa ba, amma dubi yadda suka yi. Ba su rufe shagonsu na kekuna ba, da kuɗinsa suka yi komai. Suka zaɓi wani waje a bakin teku mai suna Kitty Hawk saboda akwai iska kuma ƙasar rairayi ce, in an faɗo da sauƙi. A 1901 suka haɗa wani akwati da fanka ke hura iska ciki suka gwada siffar fiffike wajen ɗari biyu ƙanana, a 1902 suka yi ta shawagi da jirgi mara inji sau ɗaruruwa ƙasa-ƙasa. Ranar 17 ga Disamba 1903 tashin farko daƙiƙa 12 ne kacal, ƙafa 120. Su sun tsara abinsu ne yadda za su faɗi sau ɗari su tashi su karkaɗe riga, shi kuwa tela ya tsara nasa yadda faɗuwa ɗaya ta isa. Ɗana, kafin ka yi tsalle ka duba ƙasan, rairayi ne ko siminti.

Uwar Biyu:
Baba Allah ya ƙara girma. Ni ce jirgin da bai dawo ba da Malam Nazari ke faɗa, bari ku ji daga bakina.
Ina aiki lafiya lau a wani ofis, ina da hannu a tsara sutura, duk wanda ya ga abin da na ɗinka wa kaina sai ya ce wallahi ke ɓata kanki kike a ofis. Na ji daɗin maganar har ta hau min kai. Na ajiye aiki, na kwashe ajiyar shekara shida na kama waje na biya hayar shekara biyu gaba ɗaya don wai kar in samu hanyar ja da baya, na sayi kekuna huɗu na ɗauki yara biyu, na sa aka yi min allo mai fitila da sunana. Ranar buɗewa waje ya cika ana ta hoto ana Allah ya sa albarka. Bayan sati biyu sai ni da yaran da ƙarar fanka. Duk masu cewa ina ɓata kaina ko mutum ɗaya bai kawo ɗinki da kuɗinsa ba, wanda ya kawo ma sai ya ce ai ke tamu ce.
Wata goma sha huɗu na yi. Abin da ba na mantawa ranar da mai sayen kekunan ya zo, ya zauna a kan kujerata ya sa ƙyalle yana taka keken yana kasa kunne yana jin ƙarar, sai ya ɗago ya ce Hajiya ai waɗannan ko gumi ba su yi ba. Yabo yake fa, ni kuwa sai da na shiga bayi na yi kuka na wanke fuska na fito muka gama ciniki. Na koma aiki a wani wajen a matsayin da bai kai na da ba, wadda nake kai wa rahoto yanzu ƙanwar ƙanwata ce a shekaru.
Amma ku ji abin mamaki, in aka ce in yi nadamar fita ba na iyawa, na san kaina a wata goma sha huɗun nan fiye da shekara shidan ofis. Abin da ke cina guda ne, kafin in miƙa takarda ban taɓa sayar wa baƙo da ko riga ɗaya ba, mutumin da bai san ni ba bai jin kunyata. Tafin 'yan uwa da ƙawaye na ɗauka na gina shago a kai.

Ƙanwar Kowa:
Allah sarki Anti, Allah ya mayar da alheri. Amma kun ga ita kanta ta ce ba ta nadamar fita ko? Ni tsorona kar mu taru mu yi wa Yaya rubdugu da hikima har ya kai shekara sittin takardar na durowa. Sannu-sannun nan ita ma tana kashe mutum, kawai dai ba ta zubar da jini ne shi ya sa ba a gani. Akwai wani masanin tattalin arziki a Chicago, Steven Levitt, ya buɗe shafi ya ce duk wanda ya rasa yadda zai yi da wata shawara, barin aiki ko rabuwa ko ƙaura, ya zo a cilla masa kwabo, fuska ɗaya ka canja ɗaya ka zauna yadda kake. An cilla sama da sau dubu ashirin, da aka bibiye su bayan wata shida waɗanda suka yi canjin a manyan al'amura sun fi cewa suna cikin farin ciki. Kuma tun shekarun 1990 masana halayyar ɗan adam Gilovich da Medvec suka nuna cewa abin da ka aikata ya ɓaci yana ƙona ka ne a kusa, amma in shekaru suka ja abin da ba ka yi ba shi ke hana ka barci.

Malam Nazari:
Ƙanwa binciken gaskiya ne amma a karanta shi da sharaɗinsa. Waɗanda suka je wajen Levitt mutane ne da dama suna tsaka-tsaki, sun auna sun rasa wanda ya rinjaya har suka yarda kwabo ya raba gardama, kuma su da bakinsu suka ba da rahoton farin cikin, wata shida kuma ba rayuwa ba ce, Uwar Biyu ma a wata na shida ƙila da an tambaye ta cewa za ta yi alhamdulillahi. Abin da na yarda da shi a ciki shi ne mu mutane mun fiye nauyin jiki wajen canji. Masana halayyar ɗan adam Kahneman da Tversky tun 1979 suka yi bayanin dalili, zafin asara a zuciya ya fi daɗin riba mai girma ɗaya, daga baya ma suka auna suka ce ya kai kusan ninki biyu. To ma'auninmu dama a karkace yake, wannan na ba ki.

Nas Mai Aikin Dare:
Ina bakin aiki amma na kasa haƙuri. Ni tambayata ba girman kasadar ba ce, jikin wa za ta sauka a kai? Akwai likitan Ostireliya Barry Marshall, shi da Robin Warren suka ce ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancin gyambon ciki ba yawan tunani ba, manyan likitoci suka yi musu kallon tara saura, don an yi imani ba abin da zai rayu a ruwan ciki mai tsami haka. A 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da aka raini ƙwayar a ciki ya shanye, cikin 'yan kwanaki ya fara amai cikinsa ya kumbura aka duba aka ga ƙwayar, a 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel su biyu. Abin da ya burge ni shi ne cikinsa ya zuba wa, bai ba mara lafiyar da ke kwance ba. Malam Mai Zane in maganin Mama ya yanke wata uku, ita ta sha kofin ba kai ba, kuma ba a tambaye ta ba. Ni kullum ina ganin abin da tsallake magani ke yi wa tsofaffi, ba labari aka ba ni ba. Ka ware kuɗin maganinta na shekara ka kulle inda ko kai ba ka iya taɓawa, ka zauna da uwargida ta san komai ta amince da bakinta, bayan nan abin da ya rage naka ne ka yi kasada da shi yadda kake so.

Makaɗin Gefe:
Ni fa ban yarda da wannan riƙe biyu da kuke ta yabo ba. Ni mawaƙi ne, na yi shekara bakwai ina aikin rana ina waƙar dare, abin da ke faruwa shi ne aikin oga yana samun ka da ƙarfinka, naka kuma yana samun ragowar, mutum a gajiye ido na rufewa. Kuma muddin albashi na shigowa ba abin da zai tilasta maka ka gama komai. Shekara tara yana riƙe biyu, ina littafin? Wani sa'in sai ka ji yunwa ta leƙo taga kafin hannunka ya yi sauri. Sai dai in faɗi gaskiya ɗaya da ba a faɗa, ranar da abin da kake so ya zama shi ne abincinka, rabin lokacinka bin bashi ne da lallashin kwastoma, akwai watannin da na tsani kayan kiɗana.

Anti Ma'aji:
Makaɗi maganarka da ƙamshin gaskiya, riƙe biyu ba wa'adi zaman dirshan ne. Amma tunda akanta ne bari in ba shi ɗan uwansa akanta. Phil Knight mai kamfanin Nike ya fara sayar da takalman gudu daga but ɗin motarsa a 1964, kuma aikin akanta ya ci gaba da yi har da koyar da lissafin kuɗi a jami'a, sai 1969 ya koma kan takalmi gaba ɗaya, wato sai da kasuwa ta ja shi da kanta. Kuma akwai binciken wasu masana biyu, Raffiee da Feng, na 2014 a kan dubban 'yan Amurka, waɗanda suka fara sana'a suna riƙe da aikinsu haɗarin rushewarsu ya yi ƙasa da kashi 33 cikin ɗari a kan waɗanda suka saki gaba ɗaya.
To amma Knight takalmi yake SAYARWA a shekaru biyar ɗin, ba tara su yake a ɗaki yana kallo ba. Ƙanena tun ɗazu muna ta surutu kai shiru. Amsa min abu ɗaya, zanen nan ɗari uku, wa ya taɓa gani?

Mai Zane:
Anti kin kama ni. Na rubuta amsa sau uku ina gogewa.
Matata ce kawai, sai yarana. Ko abokan aikina ba su san ina zane ba.
Kuma tunda an zo nan bari in fasa ƙwan. Wata biyar da suka wuce na haɗu da wata edita ta wani kamfanin buga littattafan yara a wajen wani taro, ta hango ina ɗan zane a bayan takardar shirin taron ta ce in turo mata samfur guda goma ta imel, suna neman mai zane. Na zaɓi goman a daren, na rubuta saƙon, na haɗa komai, har yau ban danna tura ba. Kullum sai in buɗe in ga wani aibu, in ce bari in gyara wannan hancin, bari in canja wannan launin, sai na ce ai matsalar rashin lokaci ne, in na ajiye aiki zan zauna in yi wanda ya dace. A satin ne na rubuta takardar. Yanzu da nake rubuta muku wannan ni kaina na ji yadda abin yake a kunne.

Ɗan Tsokana:
Innalillahi. Wato kana da zuciyar da za ka jefar da albashin shekara tara amma ba ka da ta danna maɓalli ɗaya. Malam kai jarumi ne ta bayan gida.

Anti Ma'aji:
Ɗan Tsokana ka yi masa a hankali, duk muna da irin wannan saƙon a wani lungu. Ƙanena ba talauci kake tsoro ba ashe, tsoronka kar wata da ta san aikin ta kalla ta ce bai yi ba. Muddin zanen na cikin kwamfutarka kai gwani ne da duniya ba ta gano ba, ranar da ka tura ka zama mutum mai zane wanda za a iya ba maki huɗu cikin goma. Ajiye aiki kuwa ko ya ɓaci akwai abin faɗa, a ce kasuwa ce, a ce zamani ne, har a yaba maka a ce ya yi ta maza. Shi ya sa babbar kasadar ta fi maka sauƙi a kan ƙaramar. Ni ban ce zanenka na da kyau ba fa, ban gani ba, ƙila ma ba shi da kyau. Amma sanin hakan kyauta ne yau, in ka bari sai ka ajiye aiki za ka saye shi da tsadar da Uwar Biyu ta saya.

Baba Injiniya:
Ɗana zo ka ji nawa, ban cika faɗa ba. Ina matashin injiniya a wata masana'anta akwai wani inji da ke yawan tsayawa, kusan duk sati sai ya ci mana yini guda. Na yi wata uku ina lura da shi har na gano ba injin ba ne, yadda aka jera bututun sanyaya shi ne, na zana gyaran a takarda na ninke na sa a aljihun gaba. Ranar mitin manaja ya gama faɗa ya ce akwai mai magana? Hannuna na kan aljihun, ina jin takardar ta jiƙe da gumi, na dubi manyan da suka girme ni da shekara ashirin a aikin na ce in na yi kuskure fa, waɗannan har in yi ritaya ba za su manta ba. Manaja ya jira kamar daƙiƙa biyar ya rufe fayil. Shikenan.
Bayan shekara shida aka ɗauko ƙwararru daga waje da kuɗi masu yawa, suka yi sati biyu suka ba da rahoto, ni aka ba in aiwatar. Ba sai na faɗa muku abin da ke ciki ba. Ban rasa aiki ba, ban rasa ko sisi ba, na yi ritaya da lambar yabo, ba wanda ya san an yi. Amma yau shekarata saba'in da ɗaya kuma daƙiƙa biyar ɗin nan sun fi min wasu shekaru goma tsawo. Da na zama babba duk mitin in na ce akwai mai magana sai in ƙirga ashirin a zuciya ina kallon aljihun yara.

Uwar Biyu:
Baba ka sa ni hawaye a cikin mota.

Makaɗin Gefe:
Toh na sauko rabi. Ya tura, amma ya sa wa kansa wa'adi a rubuce uwargida ta zama shaida, in kuɗin zane ya kai kaza a wata har wata shida a jere sai takardar ta fito daga durowa, in ba haka ba za mu dawo nan bayan shekara tara muna maimaita wannan hirar. Kuma ya tambaya a wajen aikinsa ko ana ba da hutu ba albashi, mutane da yawa ba sa ko tambaya.

Ƙanwar Kowa:
Ni dai har yanzu ina ganin kun fiye lissafi, ina tawakkali? Arziki ai na Allah ne.

Nas Mai Aikin Dare:
Na Allah ne ƙanwata, amma wanda ya tambaya ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali ai cewa aka yi ya ɗaure tukuna. Malam Mai Zane ƙarfe nawa yanzu a wajenka? Ba sai gobe ba.

Mai Zane:
Sha biyu saura. Na buɗe saƙon na ga wani kunnen zomo da bai yi min ba na kai hannu zan gyara, matata na tsaye a kaina tana karanta hirar nan tun daga sama, ta ce in ka taɓa kunnen nan ni zan danna. Na ƙara layi ɗaya na ba da haƙurin jinkiri. Na tura. Hannuna rawa yake wallahi kamar na yi sata.

Ɗan Tsokana:
A ba uwargida admin.

Mai Zane:
Salam 'yan uwa, kwana tara kenan, na ce bari in dawo da rahoto tunda da ku aka fara. Ta amsa jiya da yamma. Aikin da take nema wa mai zane tun tuni an ba wani, wata biyar ba wasa ba, wannan ya yi min ciwo ba kaɗan ba don ni na jawo. Sannan ta yi min bayani dalla-dalla wanda sai da na karanta sau biyu kafin zuciyata ta daina bugawa. Ta ce dabbobina suna da rai kuma launina ya yi, amma mutanena duk fuskarsu ɗaya, yaron da ke shafi na biyu ba shi ne a shafi na bakwai ba alhali mutum ɗaya ne a labarin, kuma wai ta lura duk inda hannu ya kamata ya fito sai in ɓoye shi a aljihu ko bayan wani abu. Shekara tara ina wannan dabarar na ɗauka ba mai ganewa, ta gano a zane goma. Ta ce in zana yaro guda a yanayi takwas daban-daban da hannayensa a waje in turo kafin ƙarshen wata mai zuwa, akwai wani ƙaramin littafi da ba su ba kowa ba tukuna, ba alkawari.
Takardar tana nan a durowa ban yaga ba ban miƙa ba. Kuɗin maganin Mama mun fara warewa, na wata biyu ya taru.

Baba Injiniya:
Madalla ɗana. Editar nan ka riƙe ta da kyau, mai ɓata lokacinsa ya lissafa maka aibunka ba shi da yawa.

Ƙanwar Kowa:
Ni fa ban janye ba, ranar da za a miƙa takardar a sanar da ni.

Mai Zane:
Za ki ji insha Allah. Yanzu dai don Allah akwai wanda ya san yadda ake koyon zana hannun mutum? Tun asuba nake kallon nawa na hagu ina zanawa da na dama, na cika shafi shida duk kamar ƙafar kaza, babban yatsan nan ne ya ƙi zama inda ya kamata.

Makaɗin Gefe:
Sa yaranka su riƙe kofi ko cokali ka ɗauki hoto, hannun yara gajere ne da kumburi ba irin naka ba. Kuma ka daina farawa daga yatsu, fara da tafin.